Ƙoƙon Kaka Mai Sawun Zabuwa

Rannan muna tsakiyar aiki aka ɗauke wuta, injin da ke buga mana man shafawa ya yi tsit. Ƙullun kaɗanya kuwa ba ya jiran kowa, in ka bar shi ya huce ka yi asarar wahalarka. Sai na naɗe hannun riga, na durƙusa gaban baho, na tsoma hannu na shiga bugu irin na da. Ƙarar tafin hannuna a kan ƙullun nan, ɓal, ɓal, ɓal, ita ta tuno mini da gida. Rabona da jin ta tun muna ƙauyenmu na ƙasar Sabuwa, tun daminar da man nan ya kusa cinye mana Baba.

Kaka mahaifiyar Baba ce, kuma a ɗakinta na tashi. Gajeriya ce, fuskarta duk ta tattare, amma in ka riƙa hannunta sai ka rantse na jariri ne, saboda tun tana budurwa hannun yake cikin mai. Bakinta ne dai mai bai tausasa ba. Ni kullum a wurinta raguwa ce mai hannu kamar ƙafar kaza, wai ko kunu ba zan iya damawa ba balle kaɗanya. Duk da haka ni kaɗai take bari in taɓa mata ƙullu. Mai iri biyu take yi. Akwai na amare, wanda take dafawa da kajiji har ƙamshinsa ya kama zane ya ƙi fita, akwai kuma fari sol marar ƙamshi na jarirai da masu jego. Abin da ya kwanta a gindin tukunya ba ta zubarwa, da shi da ruwan tokar karan dawa take yin sabulun salo. Daga Sabuwa har Faskari, har Mairuwa da Ƙanƙara, in mace ta ce man tsohuwar nan take so, an san wadda take nufi.

In ba ka taɓa ganin yadda ake fitar da man kaɗanya ba, za ka ɗauka abin wasa ne. Da ruwan farko ya sauka 'ya'yan ke fara zubowa, kuma ba a tsinkar su a sama, sai sun faɗo don kansu. Da gari ya yi haske tsofaffi da 'yan mata ke shiga daji da ƙwarya, mu da matan Maguzawa na unguwar ƙetaren rafi, raɓa na jiƙa mana zane har gwiwa. Mu yara mu cinye naman, mai zaƙi da santsi, lokacin kuwa rumbu ya yi ƙasa, shi ne karin kumallonmu. Ƙwallon shi ne dukiyar. A dafa shi, a shanya, a fasa ɓawon, a daka, Inna mahaifiyata ta soya har hayaƙin ya sa ta hawaye, a niƙa ya zama baƙin ƙullu. Sannan Kaka ta zauna ta ware ƙafa ta shiga bugu tana yayyafa ruwa, har farin kumfa ya taso sama. Shi ake kwashewa a dafa a tace. Har yau ina mamakin yadda abu fari haka yake fitowa daga abu baƙi ƙirin.

Kaka ba ta sayar da mai a leda ko a ganye. A ƙananan ƙoƙuna take zubawa ya daskare, kuma kowane ƙoƙo yana da shaida a gefensa, zane uku masu haɗuwa a gindi kamar sawun zabuwa. Baba ne ke yin zanen. Da yamma zai sa basilla a garwashi ta yi ja, ya riƙa ƙona ɓawon ƙoƙon a hankali, harshensa a gefen baki. Shi ne kuma ke ɗaure su a bayan keke ya kai kasuwanni, don haka duk wanda ya san shaidar ya san fuskar Baba. Amfanin shaidar shi ne ƙoƙo ya san hanyar gida, domin mai ake saye, ba mazubi ba. In ya ƙare a wanke ƙoƙon a maido, a sake cikawa. Idan kuwa kyauta aka ba ka, to abin kunya ne ka maido shi wayam. Ko daddawa ce, ko 'yar gyaɗa, sai ka sa wani abu a ciki. Da wannan muka tashi, ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya koya mana.

Kaka tana da tata doka ita kaɗai. Man kwalliya sayarwa take yi, kuma ba ta ragi ko ga 'yar uwarta. Amma mai ƙuna, da mai miki, da jaririn da cibiyarsa ta ƙi bushewa, waɗannan ba ta karɓar ko kwabo a hannunsu, ba ta kuma tambayar ɗan gidan wane ne. Ta ce haka ta tarar uwarta na yi, kuma ranar da ta sayar wa mai ciwo, ranar man zai daina tasowa a hannunta. Shi ya sa kullum akwai ɗan ƙoƙo guda ƙulle a bakin zanenta, ko daji za ta.

A daminar da nake ba ka labari na fara zama budurwa, dajin kuma ya fara sauya hali. Da farko shanu aka riƙa kora daga rugage, sai aka koma garuruwa. Mafarauta suka daina nisa. Masu zuwa itace suka ce suna ganin sawun babura a inda ko jaki ba ya bi. Samarin garinmu suka haɗa sintiri, da adduna da bindigogin toka, kuma gaskiya a lokacin mun ji daɗi, don ba mu da kowa sai su. Sai dai tsoro ya sa idon kowa ya koma kan maƙwabcinsa. Mutanen daji ba sa noma, ba sa zuwa kasuwa da fuskarsu, to wa ke kai musu gishiri da man fetur da magani? Aka ce a wani gari an kama mai burodi, ba a ƙara ganinsa ba. Duk mai yawo da kaya a bayan keke ya zama abin kallo, Baba kuwa sana'arsa ke nan.

Na tuna ranar da ya durƙusa ƙofar ɗakin Kaka bayan ya gaishe ta, ya daɗe yana murza hularsa.

"Iya, don Allah ki haƙura da dajin nan bana. Abin da aka tsinto ya isa. Ni aka sani da kayan nan, in wani abu ya faru ni za a nema."

"Kai dai tun kana ƙarami tsoro gare ka," in ji ta. "Mi tsohuwa ta tare masu? Kaɗanya nike tsinta, ba shanu ba."

Ya miƙe ya fita. Ba a musu da Kaka, balle ɗan da ta haifa.

Matan ƙetaren rafi su ne suka fara janyewa, sai na garinmu ɗaya bayan ɗaya, har ya rage daga ni sai ita. Akwai wasu manyan itatuwa a bayan wani dutse, waɗanda Kaka ke cewa ƙwallonsu ya fi kowane mai. Da muka isa wata safiya muka tarar da abin da ban taɓa gani ba. Ƙwallaye ne tsibi-tsibi a gindin itatuwan, an tsotse su tas an watsar. Ni da wautata har na yi murna, na ce yau aiki ya zo da sauƙi. Kaka ta tsaya tana kallonsu ba ta sunkuya ba. Ɗan ƙasarmu ko yaro ne ba ya cin kaɗanya ya jefar da ƙwallon, aljihu yake sawa ya kai wa uwarsa. Biri kuma ba ya tara su wuri guda. Mutane ne masu yawa, masu yunwa, waɗanda ba su da gidan da za su kai. Tsuntsaye ma ranar ban ji kukansu ba.

Muna juyawa muka ji tari. A bayan wata kaɗanya wani saurayi ne zaune ya jingina, babur kwance cikin ciyawa, ga wani dogon abu naɗe da tsumma a gefen cinyarsa. Ba sai an gaya mini ko mene ne ba. Bai girmi yayyen ƙawayena ba, gemunsa ma bai gama fitowa ba. Ya naɗe ƙafar wando, a ƙwaurinsa akwai ƙunar salansa, ta kumbura ta yi ruwa, ƙudaje sun baibaye ta. Na kama zanen Kaka na ja da ƙarfi. Ta buge mini hannu ba tare da ta dube ni ba.

"Ɗan nan, mi ya same ka haka?"

Ya bi ta da ido, hannunsa kusa da tsumman. Ta durƙusa, ta kwance gorar ruwanmu ta wanke mikin, yana cije leɓe. Ta kwance ƙoƙon bakin zanenta ta lakato man, ta murza shi a tafi har ya narke, ta shafa a hankali tana yi masa faɗa kamar jikanta, wai wane irin sakarai ne zai bar ƙafa ta ruɓe yana kallo. Da ta gama ta miƙa masa ƙoƙon gaba ɗaya, ta ce safe da yamma. Ya juya shi a hannu, ya laluba aljihu, ta ce ya bar shi, wannan ba na sayarwa ba ne. Sai a lokacin ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Iya, kada ku ƙara zuwa nan. Ke da yarinyar."

Ko ƙwallo ɗaya ba mu ɗauko ba. A hanya ina kuka ina ce mata ta ba shi ƙoƙo mai shaidar Baba. Ta ce in rufe mata baki, ƙoƙo ai ƙoƙo ne. Amma na lura ba ta yi mini tsiya ko sau ɗaya ba har muka iso gida. Da yamma ta gaya wa Baba da kanta, don ba ta iya ɓoye-ɓoye ba. Yana riƙe da basilla a lokacin. Ya ajiye ta a ƙasa, ya daɗe yana kallon garwashin, sannan ya ce Allah ya sa yaron ya jefar da ƙoƙon a rafi.

Muka zauna da wannan fata. Damina ta yi nisa, dawa ta rufe mutum, wanda a da abin farin ciki ne, a shekarar kuwa kowa addu'a yake a yi a girbe a riƙa hango nesa. Kaka ta daina shiga daji. Aka buga man da ke akwai, ya taso fari kamar kullum, Baba ya ci gaba da kai wa kasuwa. Har na fara mantawa.

Ranar kasuwar garinmu ce, hantsi ya dubi ludayi, ina zaune gefen tabarmar Baba ina jera sabulu. Wani babur ya tsaya a bakin hanya ba a kashe shi ba. Mai shi ya yi rawani ya rufe rabin fuska, ya tako yana ɗan ɗingishi, yana duba kayan mutane har idonsa ya sauka kan shaidar. Ya zaro abu daga cikin riga ya miƙa da hannu biyu. Baba kuwa hannunsa ya saba, duk ranar kasuwa ƙoƙuna ake maido masa, ya karɓa kafin ya ɗaga kai. Ƙoƙon ne, an wanke shi, an cika shi da zuma har baki, an rufe da ganye.

"A kai ma Iya. A ce mata ƙafa ta warke, na gode."

Ya juya ya hau babur ya yi daji. Ka ga, shi a wurinsa ladabi ya yi. Ko wace ce uwarsa, ta koya masa abin da aka koya mana, ba a riƙe mazubin mutane, ba a kuma maido shi wayam. Na sha tunanin cewa da ɗan iska ne marar tarbiyya, da mun tsira. Kowa a kasuwar ya juyo yana kallonmu. Wani dattijo da aka kore wa shanu ya miƙe yana nuna hanyar da yatsa, ya ce wallahi ya san tafiyar nan, ya san idon nan. Baba na tsaye da zuma a hannu, ta fara gangarowa kan yatsunsa.

Bayan la'asar 'yan sintiri suka zo gida. Ba baƙi ba ne, duk mun san iyayensu. Babbansu ya yi sallama yadda ya kamata, har ya rusuna wa Kaka. Ta fito tsakar gida ba ko takalmi, ta ce ita ta ba yaron mai, da hannunta, ɗanta bai ma sani ba sai daga baya. Ni ma na buɗe baki na ce ina wurin, aka daka mini tsawa.

"Iya, mun san uwa ba ta ƙin rufa ma ɗanta asiri," in ji babban nasu. "Amma wa ke zana shaidar ga? Wa ke yawo da kayan? Wa aka miƙa ma zuma gaban jama'a? Tambaya kawai za mu yi mashi."

Ta riƙe rigar Baba. Shi ya ɓamɓare yatsunta da kansa, a hankali, bai dube ta ba. Suka tafi da shi da ƙoƙon.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Inna ta daina cin abinci. Kaka kullum da safe sai ta je ƙofar gidan mai unguwa ta zauna a ƙasa, ita da ko gaisuwar sallah sai dai a zo mata. Abin da ya fi tsorata ni shi ne ƙoƙuna. Yara aka riƙa aikowa da su, ɗaya-ɗaya, daga gidajen da suka shekara suna shafa manmu. Yaro zai ajiye a bakin zaure ya ruga, ba saƙon a cika, ba komai a ciki. Ba mai son a ga sawun zabuwa a ɗakinta. Na riƙa tattarawa ina jerawa a bayan rumbu har wurin ya cika.

Da mai unguwa da liman suka tsaya tsayin daka, aka kuma rasa wata hujja bayan zumar, sai aka sako shi. Wasu maza biyu suka riƙo shi har tsakar gida da rana tsaka. Wuyan hannayensa duka igiya ta yanka ta shiga nama, bayansa kuwa Inna ta hana ni gani. Aka kwantar da shi a tabarma ƙarƙashin rumfa. Kaka ba ta yi kuka ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko farin man nan na jarirai, mafi kyau da ta taɓa bugawa, ta ɗumama shi a bakin murhu, ta zo ta durƙusa gefensa. Ta murza a tafinta, ta kai hannu za ta kama nasa.

Baba ya janye hannun. Da ƙyar ya iya motsa shi, amma ya janye, ya ɗora a ƙirji.

"Bar shi, Iya. Manki ya gama yi mani aiki."

Bai ɗaga murya ba. Ya juya fuska bango, ya ce wa Inna ta aika kemis a sayo magani. Kaka ta zauna a wurin da hannu a buɗe, man yana narkewa yana bin tsintsiyar hannunta yana ɗiga ƙasa. Ni ce na zo na goge mata da bakin zanena. Na ji haushin Baba a ranar, na ji haushin Kaka, kuma har yau in ka matsa mini in faɗi mai laifi a cikinsu ba zan iya ba.

Ba ta ƙara buga ƙullu ba. Kafin wata damina abin ya fi ƙarfin 'yan sintirin ma, garin ya watse, muka dawo Faskari muka kama hayar ɗakuna. Kada ka ɗauka Baba ya wulaƙanta uwarsa. Kullum sai ya durƙusa ya gaishe ta, ba ya cin abu mai daɗi bai aika mata ba, da ta kwanta ciwo shi ya yi ta jinya har Allah ya karɓi abinsa. Amma man kaɗanya bai sake taɓa jikinsa ba. Ko Inna ce ta shafa, sai ya tashi ya bar ɗakin. Kaka na gani, ba ta taɓa cewa uffan ba. Bakin nan nata mai kaifi ya mutu tun kafin ita, ni kuwa da na samu ta ƙara kirana raguwa ko sau ɗaya ne, da na ji daɗi.

Yanzu ni ke sana'ar, a 'yar rumfata da inji da robobi masu murfi. Ƙwallon daga kudu ake kawo mana a buhu, ban san itacen da ya zubo da shi ba, ban san wadda ta tsinta ba. Ina haɗa shi da turaren kwalba, mata su saya su shafa su jefar da robar a kwata. Ba mai maido mini komai, kuma Allah ya sani hankalina ya fi kwanciya da hakan. Itatuwan bayan dutse suna nan, an ce, duk damina suna zubarwa. Hanyar dai ba ta biyuwa, wanda ya gwada bara bai dawo da labari ba.

Baba ya tsufa, yana wurina. Da sanyin bana faso ya tsattsage masa dunduniya har jini, man kanti da na kemis duk mun gwada ba su ji ba. Wata safiya ina wanke masa ƙafa, ya daɗe yana kallon tabon wuyan hannunsa, sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ko akwai sauran irin na Iya?"

Na ce babu, amma zan buga masa da hannuna, yadda ta koya mini, ba inji. Ya girgiza kai.

"A'a. Wanda ta ɗumama rannan nike nufi."